TARIHIN MASHAHURAN MUTANE: MILUTIN MILANKOBIC, MAGININ GADA DA YA GANO AGOGON YANAYIN DUNIYA

Duk wanda ya baro Bauchi ko Azare ko Misau ya zo neman abinci a Ikko ko Ibadan ko Fatakwal, idan ya gamu da wanda ya taho daga gida, bayan ya tambayi lafiyar iyali, abin da yakan bi baya shi ne labarin damina, ko ruwa ya sauka, ko shuka ta kama, ko kuwa an yi fari. Dattawanmu kuma sukan ce ruwan da ake yi a zamaninsu ya fi na yanzu. To, masana sun ce canjin da ƙasarmu ta gani ya wuce duk abin da dattawa za su iya tunawa. An yi zamanin da dorinar ruwa ke wanka a tsakiyar Sahara. Kafin wannan da nisa ƙwarai, an yi zamanin da teku ya malale kwarin Gongola, gabas da birnin Bauchi. Mutumin da za mu ba da tarihinsa a wannan mako shi ne ya bar wa masana mabuɗin da suke karanta waɗannan zamunna da shi. Sunansa Milutin Milankobic, Turawa kuwa suna rubuta shi Milankovitch.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Milankobic ran 28 ga watan Mayu 1879 a wani gari da ake kira Dal, a bakin kogin Danub. A lokacin garin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Kuroshiya. Shi mutumin ƙabilar Sabiyawa ne. Tagwaye aka haife su, shi da 'yar'uwarsa, su ne kuma manya cikin 'ya'ya bakwai. Ubansa ɗan kasuwa ne mai gonaki, amma ya mutu tun yaron bai kai shekara goma ba, sa'an nan tarin fuka ya kashe ƙannensa maza uku tun suna ƙanana. Uwarsa da kakarsa da kawunsa su ne suka riƙe shi.

Da yake shi ma ba mai ƙoshin lafiya ba ne, a gida aka fara koya masa karatu. Da ya kai shekara goma aka kai shi makaranta a garin Osiyek, nan ne malaminsa na lissafi ya lura yaron yana da kai, ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa. Cikin 1896 ya tafi Biyana, babban birnin daular, ya shiga babbar makarantar injiniyoyi. Ya gama cikin 1902, ya kuma sami digirin dakta a watan Disamba 1904.

Daga 1905 ya kama aiki da wani kamfanin gine-gine a Biyana. A lokacin nan ne aka fara yayin zuba kankare da rodi a ciki, magina da yawa kuwa da ka suke yin aikin, shi kuma ya zo da lissafi. Ya tsara gadoji da madatsun ruwa da hanyoyin ruwa a sassa dabam dabam na daular, ya yi suna, ya kuma sami kuɗi. Watau dai baƙo ne da ya zo babban birni daga ƙauye, ya ci nasara, kamar yadda kowane ɗan ci-rani yake fata.

YA BAR KUƊI YA KAMA ALLI

Cikin 1909 Jami'ar Belgirad, a ƙasar Sabiya, ta kira shi ya zo ya koyar da lissafi. Albashin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da yake samu, jami'ar kuma ƙarama ce, birnin ma bai kama ƙafar Biyana ba. Duk da haka ya karɓa, don yana so ya zauna cikin mutanensa, yana kuma neman wata babbar matsala ta ilmi wadda ba a taɓa warwarewa ba, ya ba ta rayuwarsa.

Matsalar da ya zaɓa ita ce ta zamanin ƙanƙara. Tun wajen 1837 wani masani, Louis Agassiz, ya nuna cewa an yi lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka. Daga baya aka gane ba sau ɗaya abin ya faru ba, ƙanƙarar takan zo ta koma, ta sake zuwa. Zuwanta na ƙarshe ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da kaurinta a wasu wurare ya wuce kilomita 2, teku kuma ya ja baya da zurfin mita 120. Mu nan ba mu ga ƙanƙara ba, fari muka gani, hamada ta gangaro kudu, har yanzu ga tsofaffin tuddan rairayinta nan a yankin Haɗeja da Nguru.

Abin da ba a sani ba shi ne dalili. Wani mutumin Sikotilan, James Croll, wanda ya yi aikin kula da ginin wata kwaleji a Gilasgo, ya kuma koya wa kansa ilmi a laburarenta, ya kawo shawara tun 1864 cewa dalilin yana cikin yadda duniya ke kewaya rana. Amma lissafinsa bai dace da abin da aka gani a duwatsu ba, aka yi watsi da maganar. Milankobic ya ɗauko ta daga inda aka yar, ya ƙudura zai lissafa yawan hasken ranar da ke sauka a kowane yanki na duniya, a kowane lokaci na shekara, ya kuma bi shi baya har shekaru dubu ɗaruruwa. Ba shi da kwamfuta, don ba a yi ta ba tukuna. Alƙalami da takarda ne kayan aikinsa. Takardarsa ta farko a kan wannan ta fito cikin 1912.

MOTSI UKU NA DUNIYA

Kafin mu ci gaba da labarinsa, ya kamata mai karatu ya san abin da yake lissafawa. Duniya tana juyawa a kanta sau ɗaya kowace rana, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Amma sauran duniyoyi da wata suna janta, saboda haka tafiyar tana canjawa a hankali ta hanyoyi uku.

Na farko, hanyar da take bi ta kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce. Wani zamani takan yi kusa da da'ira, wani zamani ta ɗan miƙe kamar ƙwai. Wannan yana zuwa yana komawa cikin kimanin shekaru 100,000, akwai kuma wani babban zagaye na shekaru 405,000, wanda jan tauraruwar Zara, matar wata, da na Mushtari ke haddasawa. Yanzu hanyar tana kusa da da'ira, bambancin hasken da muke samu tsakanin kusa da nesa bai wuce kashi 7 cikin 100 ba, amma idan ta miƙe sosai yakan wuce kashi 20.

Na biyu, duniya a karkace take, karkatar nan ce kuma ke kawo lokutan shekara. Yanzu karkatar digiri 23.4 ce, amma tana kaiwa da komowa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 cikin shekaru 41,000. Idan ta ƙaru, zafi da sanyi sukan tsananta a ƙasashen da ke can kusa da ƙuryar arewa da ta kudu.

Na uku, duk wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro ya ga yadda kanta ke tangaɗi tana cikin juyawa. Haka duniya take yi, sai dai a hankali. Sakamakonsa shi ne watan da duniya ta fi kusa da rana yana canjawa, yana zagayowa cikin kimanin shekaru 21,000. Abin mamaki, a zamaninmu farkon Janairu ne muka fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, lokacin da mutanen Bauchi ke jin ɗumi saboda hunturu. A farkon Yuli kuwa, tsakiyar damina, muna nesa, kilomita miliyan 152.

AURE, YAƘI DA KURKUKU

Ran 14 ga Yuni 1914 Milankobic ya auri Kiristina, suka tafi garinsu Dal don su huta. Bayan mako biyu aka harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo, kafin ƙarshen Yuli kuma Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Sabiya, Yaƙin Duniya na Farko ke nan. To, shi ga shi ɗan ƙasar Sabiya a cikin ƙasar abokan gaba. A garin da aka haife shi aka kama shi, aka kai shi kurkuku a Osiyek, daga nan aka wuce da shi sansanin tsare mutane. Wanda ya taɓa zaman baƙunci lokacin da ƙasa ta rikice ya san irin wannan hali.

Ya ba da labari daga baya cewa daren farko da aka kulle shi, da ya duba jakarsa sai ya tarar takardun lissafinsa suna ciki, ya zaro alƙalami ya ci gaba daga inda ya tsaya, har dare ya raba bai tuna inda yake ba.

Amaryarsa ba ta zauna kuka ba. Ta tafi Biyana ta sami tsohon malaminsa, Farfesa Emanuel Czuber, shi kuma ya bi ta wajen manya har aka yarda a fitar da ɗalibinsa a kai shi Budafes, bisa sharaɗin ya riƙa bayyana gaban 'yan sanda kowane mako. A can aka ba shi wurin zama a laburaren majalisar masana ta Hangari. Shekara huɗu ya yi yana lissafi, har ya auna zafin da ya kamata a samu a kan wata da wasu duniyoyi. A nan aka haifa masa ɗansa tilo cikin 1915. Ya koma Belgirad cikin 1919, cikin 1920 kuma aka buga littafinsa da Faransanci a Faris.

ABOKAN AIKI DAGA JAMUS

Littafin ya faɗa hannun wani dattijo masanin yanayi a Jamus, Wladimir Koppen, wanda yake aiki tare da surukinsa Alfred Wegener, mutumin da ya ce nahiyoyin duniya a haɗe suke da can, suka rabu. Cikin 1922 Koppen ya rubuto masa wasiƙa. Shawarar da suka tsaya a kai ita ce, ba tsananin sanyin hunturu ke kawo zamanin ƙanƙara ba, rashin zafin bazara ne. Idan bazara ba ta yi zafin da zai narkar da ƙanƙarar bara ba, ta bana sai ta hau kanta. Farin abu kuwa yana mayar da hasken rana, kamar yadda farar riga ta fi baƙa sanyi, saboda haka sanyi ya ƙara sanyi.

Milankobic ya duƙufa kimanin kwana 100, safe da yamma, ya lissafa hasken bazara a layin digiri 55 da 60 da 65 arewa, har shekaru 650,000 baya. Don a gane nisan wurin, Bauchi tana wajen digiri 10 ne. Ya zana sakamakon a layi mai hawa da sauka, Koppen da Wegener suka sa shi cikin littafinsu na 1924, daga nan sunansa ya bazu.

Cikin 1923 ma an kira shi wani taron shugabannin coci a Istambul, ya tsara musu gyaran kalandar rana wadda kuskurenta bai wuce daƙiƙa 2 a shekara ba, wasu coci-coci suna aiki da ita har yau. Bai kuma daina aikin gini ba, ya ci gaba da tsara gadoji da filayen jirgin sama a ƙasarsa.

Da ya ga tsufa na matsowa sai ya tattara aikin shekara talatin cikin babban littafi guda mai shafi fiye da 600, da Jamusanci. Ya miƙa ƙarshensa ga maɗaba'a ran 2 ga Afrilu 1941. Ran 6 ga wata jiragen Jamus suka yi wa Belgirad ruwan bama-bamai, maɗaba'ar ta rushe. Aka yi sa'a yawancin shafukan da aka riga aka buga sun tsira, aka sake buga abin da ya lalace, littafin ya fito a tsakiyar yaƙi, lokacin da ba mai ta karatu.

YA MUTU ANA MUSU

Bayan yaƙi sai iska ta juya. An sami sababbin hanyoyin auna shekarun abubuwa, wasu sakamakon farko kuma suka yi kamar sun saɓa wa lissafinsa. Wasu masana suka ce canjin hasken ya yi kaɗan, ba zai iya motsa ƙanƙara mai yawa haka ba. Cikin shekarun 1950 yawancinsu suka juya wa ra'ayin baya. Shi kuwa bai shiga cacar baki ba, ya ɗauka ya gama nasa, ya koma rubuta tarihin ilmi da tarihin rayuwarsa. Ya mutu a Belgirad ran 12 ga Disamba 1958, bayan ciwon shanyewar jiki, yana da shekara 79. Daga baya aka mayar da gawarsa kabarin iyayensa a Dal.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cikin Disamba 1976, shekara 18 bayan mutuwarsa, masana uku, James Hays da John Imbrie da Nicholas Shackleton, suka buga sakamakon binciken laka da aka haƙo daga ƙasan tekun Indiya. Laka tana kwanciya a ƙasan teku kaɗan kaɗan, tana rufe ɓawon ƙananan halittu, ɓawon kuwa yana riƙe da shaidar sanyi ko zafin zamaninsa. Da suka bi shekaru 450,000 sai suka tarar yanayi yana hawa da sauka a kan shekaru 23,000, da 42,000, da 100,000. Watau motsin nan uku ne sak. Musu ya ƙare.

An kuma gano amsar masu cewa canjin hasken ya yi kaɗan. Cikin tsohuwar ƙanƙarar ƙuryar kudu akwai kumfar iska ta shekaru 800,000, da aka auna ta sai aka ga iskar kabon, wadda ke riƙe zafi kamar bargo, tana bin wannan agogo. Lokacin sanyi takan sauka zuwa kashi 180 cikin miliyan, lokacin ɗumi ta hau zuwa 280. Motsin duniya yana tayar da abin ne kawai, kabon da ke shiga teku yana fita shi ke ƙara masa ƙarfi.

ABIN DA YA SHAFI ƘASARMU

Mu a nan, agogon da ruwan sama yake aiki. Shekaru 9,000 zuwa 11,000 da suka wuce, a lokacin damina ne duniya ta fi kusa da rana. Ƙasar Afirka ta Arewa ta ƙara zafi, ta jawo iskar teku mai ɗauke da ruwa ta shiga can cikin Sahara. John Kutzbach ya nuna haka da lissafin kwamfuta cikin 1981. Tafkin Chadi ya cika har ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin Nijeriya, tsohuwar gaɓarsa ita ce tudun nan da ya bi ta Maiduguri da Bama. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono yana haƙar rijiya a Dufuna ta Jihar Yobe cikin 1987, mai shekara wajen 8,000, na mutanen wancan zamani ne. Da tangaɗin duniya ya juya, ruwa ya ja baya, wajen shekaru 5,000 da suka wuce hamada ta dawo.

LOKACIN DA BABU ƘANƘARA

Milankobic zamanin ƙanƙara ya sa a gaba, amma ashe agogonsa ya girmi ƙanƙarar. Yawancin tarihin duniya ta fi yau zafi. Wajen shekaru miliyan 94 zuwa 90 da suka wuce, duwatsu masu aman wuta sun cika sama da iskar kabon har ta kai kashi 1,000 cikin miliyan ko fiye. Babu tarin ƙanƙara a ƙuryoyin duniya, daji ne ma ya tsiro kusa da ƙuryar kudu, teku kuma ya fi na yau tudu da fiye da mita 100.

Birnin Bauchi a kan tsohon dutse yake zaune, mai shekaru wajen miliyan 600, har akwai wani irinsa da Farfesa Oyawoye ya raɗa wa sunan Bauchi a littattafan ilmin duwatsu. Amma wanda ya kama hanyar Gombe, ya ƙetare gadar Dindima ya nufi Alkaleri, zai ga manyan duwatsun nan sun ƙare, ƙasa ta koma shimfiɗar yashi da laka da suka daskare. Nan ne bakin wani babban kwari da ya tsage lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. A zamanin zafin nan teku ya shigo kwarin daga kudu ta Binuwai, wani kuma ya gangaro daga arewa ta Sahara, suka haɗu. Dutsen da ake fasawa a yi siminti a Ashaka, wadda take cikin Jihar Bauchi kafin a cire Gombe cikin 1996, a ƙasan wannan teku ya kwanta, ana kuma samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa, masu naɗi kamar ƙahon rago. Dutsen Nkalagu, kusa da Inugu, shi ma na wannan teku ne. Ruwa guda ne ya haɗa inda muka fito da inda muke zaune.

To, yaya agogon yake aiki ba ƙanƙara? Ta hanyar ruwan sama da kabon. Idan motsin duniya ya kawo zamanin damina mai ƙarfi, koguna sukan kwaso laka da taki su zuba a teku. Ƙananan tsirran ruwa su yi yawa, su sha kabon daga iska, su mutu su nutse. Ruɓarsu takan cinye iskar numfashi a ƙasan teku, saboda haka abin da ya biyo baya ba ya ruɓewa, sai laka ta binne shi, a sami shimfiɗa baƙa. Idan zamanin rani ya zo, ruwa ya yi garau, sai farin dutse ya kwanta. Baƙi da fari, baƙi da fari, kamar saƙi. Tun 1895 wani Ba'amurke, G. K. Gilbert, ya ga irin wannan jeri a Kolorado ya yi zaton tangaɗin duniya ne. Masanan zamaninmu sun ƙirga shimfiɗun a can, da kuma a Tarfaya ta ƙasar Maroko, duwatsun da suke sa'o'in na Ashaka, suka tarar suna bin zagayen da Milankobic ya lissafa.

Wajen shekaru miliyan 94 baya abin ya yi tsanani, ƙasan tekuna da yawa ya rasa iskar numfashi har fiye da shekaru 500,000. Aman wutar duwatsu ne ya tayar da shi, motsin duniya kuma ya riƙa buga masa kiɗa. Kabon ɗin da aka binne ya yi yawa har duniya ta ɗan huce na wani lokaci. Irin wannan binnewa, idan ta daɗe cikin zafin ƙasa, ita ke zama man fetur da gas, ta dausayi kuma ta zama kwal. Man da aka ba da sanarwar samu a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, cikin 2019, wanda shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikinsa a watan Nuwamba 2022, da kwal ɗin Maiganga da na Inugu, duk ajiyar zamunnan zafi ce.

Kabon ɗin yakan fito kuma. Shekaru miliyan 56 da suka wuce, tan biliyan dubbai suka shiga iska, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 ko fiye, teku ya yi tsami, sai da aka yi fiye da shekaru 100,000 kafin abu ya lafa. Bayansa aka yi wasu ƙananan tashin zafi a jere. Daga lakar da aka haƙo a teku yamma da Namibiya, masana suka nuna cikin 2005 cewa irin wannan tashi yana dacewa da lokacin da hanyar duniya ta fi miƙewa kamar ƙwai. Watau idan duniya ta riga ta yi zafi, ɗan turi kaɗan daga sama ya isa ya buɗe rumbunan kabon na ƙasa da na teku. Cikin 2018 kuma aka tabbatar daga duwatsun Amurka cewa zagayen shekaru 405,000 bai canja ba tun shekaru miliyan 215, shi ya sa masu ilmin duwatsu suka mai da shi ma'auninsu.

DARASI

Kada mai karatu ya ɗauka farin 1973 ko na 1984, ko zafin da ake kuka da shi yanzu, aikin wannan agogo ne. Agogon Milankobic da dubban shekaru yake tafiya, ba ya canja kome cikin rayuwar mutum ɗaya. Abin da ke faruwa a zamaninmu daga hannun ɗan Adam yake. Kabon ɗin da ƙasa ta yi miliyoyin shekaru tana binnewa, shi muke tonowa muna ƙonawa a mota da janareto da masana'antu, har dafa dutsen siminti ma yana sakin nasa. Kafin zamanin injuna iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan, cikin 2024 ta wuce 420. Masana sun ƙiyasta saurin da muke sakinta ya ninka na tashin zafin shekaru miliyan 56 baya wajen sau goma. Duwatsun kwarin Gongola sun riga sun nuna mana yadda duniya take idan bargon nan ya yi kauri, sun kuma nuna cewa shiga ta fi fita sauƙi. Wannan magana ta shafi manomin gero a Darazo, ta kuma shafi mai shago a bakin ruwa a Ikko.

Yau akwai rami a kan wata mai sunan Milankobic, akwai lambar girma ta masana yanayi a Turai da ake bayarwa da sunansa tun 1993, hotonsa kuma yana kan takardar kuɗi ta dinari 2,000 ta ƙasar Sabiya. Bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya gani shi ne maraici, da baƙunci, da kurkuku, da yaƙi biyu, da musun abokan aiki, bai kuwa ajiye alƙalami ba. Yaranmu da ke karatu a makarantun kudu da na gida, musamman masu gudun lissafi, ya kamata a ba su labarin mutumin nan. Wanda kuma ya je gida hutun salla, ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe, to, ya dubi shimfiɗun ƙasa a inda aka yanka tudu don hanya ta wuce, zai ga abin da muka faɗa da idonsa.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.